Yadda Maiwada Ya Auna Jif da Rake

Duk wanda ya ce maka akwai mai cika baki a ƙasar Makarfi, tambaye shi ko ya san Maiwada. In bai san shi ba, to bai ga komai ba tukuna. Mutumin nan ko ruwan sama aka yi mai kyau a gonarsa sai ya ce dabararsa ce. Ni taubashinsa ne, uwarsa ƙanwar mahaifina ce, saboda haka abin da wasu ke jin nauyin faɗa ni ba na ji, kuma yau sai na faɗa.

Shekarar da rake ya yi daraja, Allah ya buɗa wa Maiwada. Fadamarsa ta yi kyau, fatake suka zo da manyan motoci suka kwashe tas. Tun daga ranar tafiyarsa ta canza, gaisuwarsa ta gajarce, tumbinsa ya ƙaru. Ana cikin haka sai Alhaji Ja'afaru, dattijon da ya daɗe yana shugabancin ƙungiyar manoman rake ta yankinmu na Dandamisa, ya ce gwiwa ta gaji, zai sauka a zaɓi wani. Mutum biyu suka fito nema. Ɗaya Shamsuddeen, wani mai shiru-shiru da ke yawo a kan tsohon babur mai tari. Ɗayan kuwa, ai ka sani.

Kujerar nan Maiwada yake so kamar ya mutu. So yake a kira shi Ciyaman a kasuwa, a ajiye masa kujerar gaba in ana taro a Makarfi, yaransa su zama 'ya'yan Ciyaman. Da wannan yake kwana, da shi yake tashi.

"Ciyaman a kan babur?" in ji shi a majalisa. "Haba jama'a, ku ji tsoron Allah. A je taro a ga shugabanku yana buga kikis, babur yana tusa? Ni jif zan saya. Ranar zaɓe a cikinta zan ɗauko Alhaji Ja'afaru, in sauke shi a ƙofar gidana. Daga nan in ga wanda zai ɗaga wa wani hannu."

Akwai wani dillalin motoci a Makarfi, Huzaifa, mai zaƙin baki kamar mazarƙwaila. Ya nuna wa Maiwada jif guda biyu. Ɗaya ƙarama ce, ruwan toka, tsaf da ita. Ɗayar baƙa ce wuluk, ƙatuwa, kujeru layi uku, ba ka shiga sai ka taka wani ƙarfe ka kama marfi ka yi bisimilla. Maiwada ya ce zai je ya yi shawara.

Wayyo, wannan shawara! Mu muka sha ta. Ba amsa yake nema ba, so yake kowa ya ji. Ya tari mutum yana tura keke da faci a rana, ya tsayar da shi: "Malam, kai da ka san hanya, ƙaramar ko babbar?" Ya je kasuwar Kudan sayen iri, ya dawo ba iri, amma duk 'yan layin dankali sun san akwai jif biyu. Ya je Ikara suna, ya hana wanzami aiki. Abin da ya fi ba ni haushi, a zaman makoki, ana shafa fatiha ke nan, ya matsa kusa da ɗan mamacin ya ce a hankali, "Allah ya jiƙan Baba. Shi da yana raye, wace kake ganin zai ce in ɗauka?" Har ta kai in aka hango shi daga nesa, masu shayi sukan ce ruwan bai tafasa ba, majalisa ta watse kowa ya tuna yana da ban ruwa.

Mutum ɗaya ce ta ba shi amsa ta gaskiya, matarsa Adama. Ina zaure ina jiransa na ji su.

"Baban Hafiza, ƙaramar za ka ɗauka."

"Dalili?"

"Babbar shan mai gare ta, kowa ya faɗa. Sannan ba za ta shiga lungunmu ba."

"Ke Adama, me kika sani a harkar mota? Kin taɓa riƙe sitiyari?"

"Ban taɓa ba. Amma na san lungun. Ranar da aka kawo gadona sai da aka karkace shi aka shigo da shi a tsaye."

"Gado daban, mota daban. Mota tana da taya."

"To tayar ce za ta rage mata faɗi?"

Ya fito yana huci. Gidan Maiwada a ƙarshen wani lungu yake, katangar Malam Iliyasu a dama, ta Inna Mairo mai daddawa a hagu. Bakin lungun da faɗi, amma yana tafiya yana tsukewa, sai ka kusa fita sannan ya buɗe a wani ɗan dandali da ke ƙofar gidan. A dandalin nan Maiwada ya shirya za a yi zaɓe, a gaban motarsa.

Na ce masa, "Taubashi, maganar Adama abin dubawa ce. Ka ari tef wurin tela ka auna."

"Tef na 'yan koyo ne," in ji shi. "Ni da nake auna gona da ido ban taɓa kuskure ba? Amma don in rufe bakinku, zan auna. Awon manoma zan yi, ba na teloli ba."

Ranar kasuwar Makarfi ya je wurin Huzaifa da wani dogon rake da ya zaɓo da kansa, miƙaƙƙe sambal. Ya gicciya shi a gaban babbar motar, daga wannan madubi zuwa wancan, ya zaro wuƙa ya datse daidai. Ya ɗaga shi sama ya ce wa 'yan kallo, "Wannan shi ne faɗinta. In ya wuce lunguna, ta wuce." Gaskiya a nan bai yi wauta ba. Da ya wuce gida kai tsaye da labarin nan bai samu ba. Amma ina! Maiwada ya wuce majalisa da labari a bakinsa?

Da la'asar ya iso gindin mangwaron da muke zama, a bakin lungun. Ya jingine raken a jikin benci, ya karɓi faifan mai gyaɗa ya mai da shi sitiyari, ya shiga nuna mana yadda zai sha kwana.

To mu a nan, rake in aka jingine shi a majalisa na kowa ne. Ba a tambaya, ba a godiya. Tambayar ma rainin wayo ce, kamar ka ce mai shi marowaci ne. Malam Iliyasu, tsoho ne amma haƙoransa sun fi na samari, ya miƙa hannu ya jawo, ya ɗora a gwiwa, ƙas! Ya ɓalle gaɓa biyu ta gindi inda zaƙin yake, ya mayar. Na kusa da shi ya ɓalli tasa. Na gaba ma haka. Shi kuma gogan yana can yana ba da wuta, "In na danna hon a Dandamisa, sai an ji a Paki!" Maƙogwaronsa ya bushe, ya miƙa hannu baya ko dubawa bai yi ba, ya ɓalli gaɓa ya ɓare da haƙori ya hau sha.

Na ce, "Maiwada, awonka fa ake sha."

Ya juyo, ruwan rake na bin gemunsa. "Wa ya sha?"

"Kai da jama'a. Dubi tuƙa a ƙasa."

"Tuƙar jiya ce. Kai dai taubashi, hassada ce za ta yi ajalinka. Malam Iliyasu, ka ga an taɓa raken nan?"

Malam Iliyasu, kumatu cike, ya girgiza kai. "Ni dai ban lura ba."

"Ka ji dattijo."

Ya furzar da abin da ke bakinsa, ya ɗauki guntun da ya rage, ya riƙe shi a gicciye a gaban cikinsa, ya shiga lungun yana taku ɗaiɗai, mu muna biye kamar masu rakiyar ango. Ko kusa da katanga raken bai je ba. A inda lungun ya fi tsukewa ya tsaya ya karkaɗa shi dama da hagu. "Ku duba! Har akuya za ta wuce ta gefe, da 'ya'yanta."

Adama ta leƙo daga zaure ta dubi abin da ke hannunsa. "Wannan ne faɗin motar? Ai tabaryata ta fi shi tsawo."

"Haka ake ƙera su yanzu. A ido ne suke da girma."

"To Allah ya sa alheri," in ji ta, ta saki labule.

Ya sayi babbar. Ya bar ta a wurin Huzaifa, wai kada ido ya ci ta kafin ranar zaɓe. Ya yanka rago, ya sa aka kafa rumfa a dandali, aka aro kujerun roba, aka dafa shinkafa tukunya-tukunya. Ranar da safe ya ce lallai in raka shi ɗauko mota, "don hassadar ta ƙarasa ka gaba ɗaya." Na ce ai ko ba a gayyace ni ba zan je.

Huzaifa ya ba shi makulli ya ce, "Alhaji, in haɗa ka da direba ya kai ka gida? Otomatik ce, sai an ɗan saba."

"Direba? Ni? Yaro, tun ba a haife ka ba nake tuƙa tarakta a Paki."

Ina wurin ranar da ya tuƙa taraktar nan. Sai da aka kawo shanu suka jawo ta daga rami.

Muka biya gidan Alhaji Ja'afaru a cikin Makarfi. Tsohon ya fito cikin farar babbar riga da carbi, ya dubi motar sama da ƙasa, ya ce, "Ikon Allah. Maiwada, wannan ai gida ce." Maiwada ya ji kamar an naɗa shi. Muka tura Alhaji ya hau gaba, ni aka jefa ni can layi na uku.

Ba mu bar unguwar ba ƙafar Maiwada ta hagu ta tafi neman kuloci, ta samu birki, ta taka shi da ƙarfin noma. Hular Alhaji ta yi gaba ta bugi gilashi, shi ma ya bi ta.

"Subhanallahi! Lafiya?"

"Gwada birki nake, Alhaji. Ka ji yadda yake kamawa?"

"Na ji a goshina."

Muka hau titi. Ya hango wasu da ya sani a bakin kasuwa, ya ce bari ya gaishe su da hon. Ya ja wani abu, ruwa ya feso a gilashi, waifa ta hau sharar gaba da baya. Ya ja wani, ta ƙara sauri. Haka muka wuce su, mota na kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Alhaji ya ce ai ba ruwa ake yi ba. Maiwada ya ce ita da kanta take wanke fuskarta in ta ga jama'a.

Sai ya ce bari Alhaji ya sha sanyin esi. Ya murɗa wani maɓalli har ƙarshe. Wata iska ta fito kamar an buɗe bakin murhu. Kafin mu yi nisa farar rigar tsoho ta manne a bayansa, ni kuwa a baya na fara ganin wuta-wuta.

"Maiwada, wannan sanyin naka yana da zafi."

"Sai ta gama fitar da zafin da ke cikinta tukuna, Alhaji, sannan sanyin ya biyo."

"Kafin ya biyo an yi mini sallah. Buɗe taga."

Aka sauke gilasai duka. Daidai nan wani bafillace ya koro shanunsa za su tsallaka. Maimakon ya tsaya, Maiwada ya ce bari mu ga aikin jif, ya kauce ya sauka gefen titi. A gefen nan kuwa mata sun yi shanyar barkono, ja wur, tsawon gona guda. Tayoyin nan huɗu suka bi ta kai suka niƙe shi, iska ta kwaso garin ta watso mana ta taga. Wallahi ban taɓa jin atishawa irin ta ranar ba. Alhaji yana yi yana salati, Maiwada yana yi mota na tsalle, domin duk atishawa ɗaya sai ya taka totur. Ta baya na hango mata da zannuwa a ɗamare suna bin mu da duwatsu, suna ambaton iyayenmu ɗaya bayan ɗaya.

"Suna ɗaga mana hannu," in ji Maiwada, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ka ga farin jini, Alhaji?"

Alhaji ya kawar da kai. Carbi yake ja da sauri.

Da azahar muka shigo gari. Labari ya riga mu, yara suka yo ca suna bin mota da ihu. Manoma sun cika dandali, wasu sun tsaya a bakin lungu suna jira. Da Malam Iliyasu ya ga abin da ke tahowa, ya dubi motar, ya dubi lungun, ya jefar da sandarsa ya shiga gaba yana ɗaga hannu biyu.

"Tsaya! Maiwada, tsaya! Ba za ta shiga ba!"

"Ka ji tsoho yana murna," in ji Maiwada. Ya leƙa ta taga. "Na gode, Malam! Kauce kada in taka ka!"

Na ce daga baya, "Taubashi, don girman Allah ka ajiye ta a gindin mangwaro mu taka."

"In auna da hannuna, sannan in ajiye ta a waje kamar motar haya? A ƙofar gida na ce, a ƙofar gida za ta tsaya."

Ya cusa kanta. Da farko lafiya. Sai muka ji ƙas a dama, ƙas a hagu.

Alhaji ya zabura. "Mene ne wannan?"

"Madubai ne. Naɗe kunnuwanta take da kanta in ta ga matsi."

"Na ga ɗaya a ƙasa."

"Na ajiya ne."

Sai ƙara ta fara, ƙiiii, irin wadda ke sa haƙori tsami, katanga biyu suna kankare baƙin fenti. Mai hankali a nan zai tsaya. Maiwada ya ce ƙarfi ne ya yi mata kaɗan, ya taka totur har ƙasa. Motar ta yi gurnani, ta yi tsalle ɗaya, ta cushe a inda lungun ya fi tsukewa kamar an toshe kwalba. Hancinta ya leƙa dandali, jama'a na kallonmu ta gilashi, mu muna kallonsu.

Ya sa ribas. Tayoyi suka yi ta juyawa a banza, katangar hagu ta tsage daga sama har ƙasa, wani ɓangare ya rufta ciki. Muka ji fashewar tukwane, sai warin daddawa ya gauraye unguwa. Ba a jima ba kan Inna Mairo ya bayyana a saman katanga, ta taka turmi, ludayi a hannu.

"Wane la'anannen ne? Maiwada! Kai ne? Daddawar da na yi kwanaki ina rufewa!"

"Inna, yi haƙuri, katangarki ce ta matso."

"Ta matso? Katangar da aka gina tun kana yawo ba wando, yau ita ce ta tashi ta tare ka?"

"Na auna, Inna. Da shaidu."

"Da me ka auna, da hancinka?"

"Da rake."

"Da rake!" Ta juya wajen jama'a. "Kun ji wanda zai shugabance ku. Allah ya isa daddawata!" Ta kai wa rufin motar duka da ludayi, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Maiwada ya ce bari ya fita ya yi mata bayani. Ya tura ƙofa, ko motsi. Alhaji ya tura tasa, katanga ce. Ko hannu ba ya fita ta taga. Nan fa ido ya raina fata, amma bakin bai mutu ba. Ya ƙwala wa samari kira ya ce a tura. Na dandali suka kama gaba suna turawa baya, na bakin lungu suka kama baya suna turawa gaba, kowane ɓangare na jin shi ake nufi. Shi kuwa yana ciki yana ba da oda, "Yawwa! Ku ƙara! Ta kusa!" Suka yi ta nishi har suka gaji, motar tana nan inda take, sai dai bamba ta lotsa gaba da baya.

Alhaji Ja'afaru ya yi gyaran murya. "Maiwada."

"Na'am, Alhaji."

"Ni tsoho ne, kuma na sha kunu da safe. Ina da uzuri. Ka fitar da ni daga cikin abin nan yanzu, ko kuwa kujerarka ta gani."

Maiwada ya rikice, ya buga wa Huzaifa waya. Huzaifa ya ce ai sai ta but, ƙofar kaya ta baya, ya kwatanta inda maɓallin yake. Bayan an kunna rediyo, an kashe, an sake fesa ruwa a gilashi, but ya buɗe. Ni da ke layin ƙarshe na fice salin-alin. Dattijo kuwa, mai jikoki, wanda ko hakimi ke miƙewa ya gaishe shi, sai da ya yi rarrafe ya haura kujeru layi uku. A na farko hula ta faɗi, a na biyu riga ta maƙale ta yage har ƙugu, a na uku ya zo da kai, muka tare shi kamar buhun taki. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Da yake mota ta toshe hanya, sai da aka yi sallama aka kawar da matan gidan Malam Iliyasu, muka ratsa ta cikin gidan, Alhaji ya biya bukatarsa, muka ɓullo dandali ta garken awaki.

Na zagayo gaban motar na ce, "Saura kai, taubashi. Bi ta but."

"Ni? Ɗan takara? In fito ta but a gaban masu zaɓe kamar kayan miya? Allah ya kiyaye."

Har yanzu wayar na kunnensa. Sai na ga fuskarsa ta washe. Ashe Huzaifa ne ya gaya masa akwai wata taga a rufin motar, ana danna maɓalli ta zuge. "Irin wadda 'yan takarar gwamna ke fitowa suna gaida jama'a?" in ji shi. "Ka ce Allah! Kai, yaron nan, me ya sa ba ka faɗa tun farko ba?" Ya gyara hula, ya share majina, ya danna. Rufi ya zuge.

A daidai lokacin Alhaji Ja'afaru ya tsaya a tsakiyar rumfa, riga a yage, ido jajur da barkono, kashin awaki a takalmi. Ya ce, "Jama'a, ba dogon jawabi. A yi zaɓen nan yanzu in tafi gida, kafin wani abin ya sake samuna. Kowa ya san yadda muke yi, hannu za a ɗaga."

Sai ga hula ta ɓullo daga saman mota. Kai ya biyo, kafaɗu suka biyo, ƙirji ya biyo. Jama'a suka juya. Maiwada ya buɗe murya, "Jama'ar Dandamisa! Manoman rake! Yau rana ce..." Ya yunƙura don ya ƙarasa fitowa, tumbi ya ce bai san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, babbar riga ta tattare ta cushe gefe da gefe. Naman cikin da ya taru ta ƙasa ya je ya danne maɓallin, gilashin ya taho a hankali ta bayansa ya matse shi tam. Jawabi ya yanke. Baki a buɗe, ido a waje, ko a bai iya cewa.

Alhaji ko kallonsa bai yi ba. "Masu son Shamsuddeen."

Hannuwa suka tashi. Maiwada kuwa, numfashi ya ƙare masa, ya wurga hannu biyu sama yana kaɗawa, a zo a cece shi. Da yake a saman jif yake, babbar kuma, hannunsa ya fi na kowa tsawo a dandalin.

Alhaji ya bi hannuwan da ido, har ya kai kan mota. Ya ɗan tsaya. "Har da kai, Maiwada? Hannu biyu? To madalla, Allah ya yi albarka. Amma ɗaya za mu ɗauka."

Dandali ya fashe. Wasu suka faɗo daga kujera, Malam Iliyasu ya riƙe ciki ya durƙusa, Inna Mairo ta rangaɗa guɗa daga kan katanga. Shamsuddeen, bawan Allah, ya dafa ƙirji ya rusuna wajen motar ya ce, "Na gode, Yaya."

Maiwada ya gane abin da ya faru. Ya sauke hannuwan da sauri, ya dafe rufin mota da su, ya shiga turawa da iya ƙarfinsa ko ya zare kansa ya yi magana. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi na ɗiga a kan fenti.

"Masu son Maiwada," in ji Alhaji.

Waɗanda suka yi masa alkawari suka dubi saman mota, suka ga mai abin ma hannunsa na ƙasa, kowa ya soke nasa a aljihu. Alhaji ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗaga kai ya dubi Maiwada, ya ba shi lokaci har da ƙari.

"Babu ko ɗaya," in ji shi. "Shi ma bai zaɓi kansa ba. A shafa fatiha, a kawo naman."